Tsohon da Ya Kalli Girkawa daga Gwiwa zuwa Ƙasa

Ranar da muka kai kakana makwancinsa, kafin azahar zauren gidanmu na Birni ya cika, har sai da aka ƙara tabarmi a inuwar katanga. Duk gidan Tsoho muke ce masa, kuma kowa ya zo da Tsohon da ya sani. Dukawa abokan sana'arsa suka ce yau an rufe hannun da yake yanka fata ba tare da ya zana ba. Liman ya ce bai tuna ranar da ya juyo bayan sallama bai gan shi a sahun farko ba. Daga cikin gida mata suna ta ambaton yaran da ya ɗinka wa gafaka kyauta ranar saukar karatu, da sunayen suka yi musu yawa sai suka koma kuka.

Ana cikin haka wani manomi ya sauka daga kabu-kabu, ya ce daga Dakusa yake. Ƙafarsa ta dama ta kumbura da tundurmi, kuma takalmin da ke ƙafar ba irin namu ba ne. Igiyoyin fata ne suka taso daga tafin, suka naɗe ƙwaurin har kusa da gwiwa. Kwance shi aiki ne, sai ya zauna a bakin tabarma ya bar ƙafafunsa a ƙasa. Da aka shafa fatiha, ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a gona, ya ce, "Allah ya jiƙan mai kallon Girkawa! Wallahi kallon nan nasa..."

"Amin, amin," in ji Baffa. "A kawo wa baƙo ruwa."

Wasu suka sunkuyar da kai, wani baduku ya yi tari don ya ɓoye dariya. Baffa shi ne ɗan farin Tsoho, yayan mahaifina, mutum mai riƙo da addini wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Bayan la'asar ya ja ni gefe ya ce, "Akwatin faya-fayan nan da ke ɗakinsa, bayan addu'ar bakwai ka fito mini da shi, wuta zan sa masa. Ba zan bari a riƙa kunna gumaka a gidan nan ana rubuta masa a kabari ba."

Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Baffa ya yi shekara shida yana zaton zuciyar ubansa ta karkata ga gumakan Girkawa, kuma yana da dalilin da ya gani da idonsa. Ni na san ba haka ba ne, amma Tsoho ya ɗaure mini baki tun yana da rai. Mahaifina kuwa yana Yamai, kuma shi in an ce gabas sai ya ce to, in an ce yamma ya ce haka ne. Wannan ya sa nake rubutun nan, don kada a rufe mutumin da labarin da ba nasa ba.

Abin ya samo asali tun yana saurayi. Kafin ya zauna a rumfar ubansa, ya yi shekara biyu a unguwar Zango yana zaɓar wa wani Bagirike fatun awaki. Ya ce mutumin gajere ne mai gashin hanci, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kuma ba ya sayen fata sai ya shinshina ta. Wata rana ya ba Tsoho takalminsa na garinsu ya sake masa tafi. Da Tsoho ya juya takalmin sai ya ga abin da ya hana shi sukuni: babu ɗinki ko ɗaya a samansa. Fata guda aka tsattsaga, igiyoyin suka fito daga jikinta, suka sarƙe da juna suka riƙe dunduniya. Ya so ya warware ya ga yadda aka yi, ya ji tsoron kada ya kasa mayarwa. Ya so ya tambaya, ya ji kunyar a ce ɗan dukawa ya tambayi ɗan kasuwa sana'ar gidansu. Ya gyara tafin ya mayar. Da damina ta zagayo Bagirike ya tattara ya koma ƙasarsu.

Shekaru kusan hamsin suka wuce. Ni na fara koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, na sayi tele da bidiyo, na ajiye a falon gida. Wata Lahadi bayan abincin rana na sa wani kaset da na tsinto a kasuwa, ba don komai ba sai don ƙaton da ke jikin kwalin. Mayaƙan Girka na da ne, da masu da garkuwoyi, suna hawan wani dutse. Tsoho ya zo wucewa da butarsa, ya leƙo, ya tsaya cak.

"Kai aboki, tsayar da mutumin can."

"Wane mutum, Tsoho? Sun fi ɗari."

"Na baya, mai ɗingishi. Mayar da shi. Ƙara. To, nan."

Ya ajiye buta ya matso, hancinsa kusan yana taɓa gilashi. Ya daɗe yana kallon ƙafar wani soja da ko suna ba shi da shi a fim ɗin. Sai ya ce a hankali, "Ɗan'uwansa ne, amma ba shi ba ne." Tun daga ranar na zama ɗan aike. Duk inda na ji an ce ga fim ɗin Girkawa sai na nemo, daga kaset muka koma faifai, har akwatin ƙarfen da Iya, kakata, take ajiye zannuwa ya koma nasu. Ba ta yafe mana wannan ba.

Kallo da Tsoho ba kallo ba ne, aikin gayya ne. Tsakanin azahar da la'asar muke yi, Lahadi da Laraba, in ba a ɗauke wuta ba. Ni ke riƙe da telekomand, abin tsayar da fim da mayar da shi baya, shi ke ba da oda. Ana tsakiyar yaƙi, jarumi ya ɗaga takobi zai sare abokin gaba, sai ka ji, "Tsaya!" Takobin ya tsaya a sama, mu kuma muna ƙasa muna duba ƙulli. Ya ɗauko guntun fata da wuƙa ya gwada, ya warware, ya sake. Sai an kira la'asar, mutumin da za a sare ya samu jinkirin kwana uku.

Sannan ga labule. Girkawan fim ba sa son tufa, mazansu da matansu, kuma Tsoho ba mai kallon tsiraici ba ne. Sai ya yanka jar fata ya yi mata ado da kore, ya rataya a saman tele. In ya ga alamar za a yi rashin kunya sai ya ce, "Sauke." In sauke labulen ya rufe rabin sama, mu ci gaba da kallon ƙafafu suna soyayya. Akwai finafinan da bai san fuskar kowa a cikinsu ba, amma ka nuna masa dunduniya zai gaya maka ko sarki ne ko bawa. Na taɓa ce masa, "Tsoho, in ka haɗu da jarumar nan a kasuwa ba za ka gane ta ba." Ya ce, "In ta taho a ƙasa zan gane ta kafin kai, yaro."

Yana da hukuncinsa a kan wanda ya cancanci kallo a gida. Tsofaffin finafinan yaƙi su ne a gaba, don ya ce fatar gaske suka sa, tana lanƙwasa inda ƙafa ta lanƙwasa, tana baƙi inda gumi ya taɓa. Sababbin, masu sojoji dubu-dubu da inji ya zana, ya ce roba ce aka shafa wa launi, kuma duk wanda ya yi gudu da irin wannan takalmin a kan dutse zai koma gida da ƙafa ɗaya. Na dodanni da aljanun teku yana kallonsu don nishaɗi, yana dariya har da hawaye. Amma waɗanda suka fi kwanta masa a rai, abin mamaki, na zamani ne, waɗanda ba a kashe kowa: fararen gidaje a kan tudu, ƙofofi shuɗɗa, tsofaffi a bakin teku suna gardama, biki ana rawa kafaɗa da kafaɗa. A nan babu takalmin da yake nema, amma ya ce yana jin kamar zai ga mai gashin hancin nan ya fito daga wani lungu.

Ba ya jin Faransancin da ake yi a finafinan, ni nake fassara masa, sai dai tambayoyinsa ba na fassara ba ne.

"Ruwan tekun nan, haka Allah ya yi shi, ko baban rini suka zuba?"

"Haka yake, Tsoho."

"Ka gani da idonka?"

"A'a."

"To ka ce haka aka ce."

Ya tambaye ni dalilin da jarumansu ke kuka a gaban mutane ba a yi musu dariya. Ya tambaye ni wa ke yi wa gumakansu sulhu, tunda kullum cikin aure da saki da gaba suke. Ya ga awakinsu ya ce gashi ya yi musu yawa, fatarsu ba za ta kama ƙafar jar akuyarmu ba, shi ya sa Bagiriken nan ya taso tun daga can. Ya ga ginshiƙan dutse tsaye babu rufi, ya ce ko kuɗin magina ne ya ƙare. Da na gaya masa kufai ne, rufin ya zube tun kafin kakannin kakanninmu su baro Barno, ya sa na bar hoton a tsaye har aka kira salla. Ni da ake ce wa mushe, wato malamin makaranta, shi ya mayar da ni ɗan lakwal, don sau da yawa sai na je na yi karatu kafin Laraba.

Iya ba ta taɓa zama ta kalla ba. Wurinta bakin ƙofa ne, ta juya wa tele baya tana ɓarar gyaɗa, tana jefo magana. "An tsayar da bawan Allah tun ɗazu da ƙafa ɗaya a sama, ku bar shi ya taka mana." Ko kuma, "Malam, in ka gama da Girkawa ga takalmina nan ya tsinke tun salla." Shi kuma ya ce, "Naki ba shi da abin mamaki." Amma ban taɓa ganin ta kai gyaɗarta wani wuri ba in muna kallo.

Takalmin Bagirike dai bai samu ba. Ya yi gwaji ya fi a ƙirga, kowanne sai ya juya shi ya ce ɗan'uwansa ne. Cikin waɗannan 'yan'uwan ne manomin Dakusa ya samu rabonsa. Tsoho ya gan shi a kasuwa ranar Alhamis yana taka ƙasa mai zafi da tsumma ɗaure a ƙafa, don babu takalmin da ke shigarsa. Ya kira shi rumfa, ya auna ƙafar da igiya, ya ce ya dawo mako mai zuwa. Ya yi masa irin na sojan nan mai ɗingishi, wanda in ƙafa ta kumbura a sassauta, in ta saɓe a ƙara ɗaurewa. Bai karɓi komai ba. Da mutumin ya tambayi inda ya koyi wannan ɗinki, ya ce masa, "Wurin Girkawa, ran Lahadi."

Yanzu ga abin da Baffa ya gani. Idon Tsoho ya fara rauni. Wata Laraba muka kai wurin da aka nuna wani ƙaton gunki na farin dutse a ɗakin bautarsu, zaune, ƙafarsa ɗaya a gaba. Wanda ya sassaƙa shi ya fitar da takalmin igiya-igiya. Tsoho ya ce, "Tsaya! Ɗage labulen duka, haske nake so." Ya sauka daga kujera, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa a gaban tele, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya kai fuskarsa ga ƙafar gunkin. A daidai lokacin Baffa ya yi sallama ya ɗaga labulen ƙofa.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya wuce ya zare wayar tele daga bango. Sai ya ce, yana kallon ƙasa, "Baba, da wannan za a cika?"

Wanda bai san gidajenmu ba zai ce ai magana ɗaya ta isa ta kashe wutar. Amma Baffa ɗan fari ne. Tsoho da Iya ba su taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa masa shi, ba sa zama hira da shi, ba sa haɗa ido. In suna da magana sai su faɗa wa wani ya faɗa masa, ko da yana tsaye a wurin. Tsoho ya miƙe da ƙyar, ya kaɗe gwiwoyinsa, ya juyo gare ni.

"Gaya wa wancan, goshin nan ya san inda yake sauka tun ba a haife shi ba."

Baffa ya fita. Na yunƙura zan bi shi in yi bayani, Tsoho ya riƙe mini riga. "Zauna. Kada ka kuskura ka wanke ni a gaban ɗan da na haifa. Ban yafe ba." Na ce, "Tsoho, ai takalmi ne kawai." Ya ce, "Shi ya sa." Na ji haushinsa a ranar, kuma har yau ban gama hucewa ba. Mutum biyu masu ƙaunar juna suka yi shekara shida a gari ɗaya, ɗaya na kuka a sujada yana nema wa ubansa shiriya, ɗaya na cika da fushin an zarge shi. Baffa bai fasa aiko da hatsi ba, bai fasa gaisuwar Juma'a ba, amma bai ƙara taka falon nan ba.

Da kwana bakwai suka cika na shiga wurin Iya, tana cikin takaba, na gaya mata hukuncin Baffa. Na yi zaton za ta ce alhamdu lillahi, akwatinta zai dawo. Sai ta ce, "Gaya wa wancan, wata huɗu da kwana goma zan yi a gidan nan ba fita. Ya bar mini su tukuna." Baffa bai iya musu ba.

Ranar Lahadi ta sa na kunna mata na fararen gidajen nan. A karon farko ta juyo da tabarmarta ta fuskanci tele. Fim ya yi ta tafiya, babu mai cewa tsaya. Aka yi gardama a bakin teku, aka yi biki, rubutun ƙarshen fim ya hau. Ko inuwa ba ta kai bakin rijiya ba, balle a kira la'asar.

"Har ya ƙare?"

"Ya ƙare, Iya."

"Wannan ɗin da muke kwana uku a kansa?"

Ta sa na kawo na yaƙi ranar Laraba, ta kalli rabi ta ce in kashe, ihu ya yi yawa. Ta sake gwada wani ranar Lahadi. Daga nan ta ce, "Miji, kwashe ka kai wa baffanka." Na ce mata su kaɗai suka rage mana na Tsoho, in an ƙone shi ke nan. Ta ce, "Kai dai kana son ka ajiye kwano don tuwon ya yi daɗi. Na duba, ba ya ciki." Na fita ina share hawaye kamar ba magidanci ba.

Baffa ya zo da hantsi. Muka kai akwatin bayan gida, ta wajen tagar Iya, ya juye a rami ya zuba kananzir. Hayaƙin baƙi ne mai ɗaci, muka ja da baya. Ina kallon kwalayen suna naɗewa, ina jin kamar in faɗi maganar in huta, amma Tsoho ya ce bai yafe ba. Baffa bai yi kama da wanda ya yi nasara ba. Ya tsaya da sanda yana tura waɗanda suka zame, har wutar ta fara lafawa. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai da kake zama da shi. Wai me yake nema a cikinsu, shekara da shekaru?"

An hana ni wanke shi, ba a hana ni amsa tambaya ba. Na ce, "Takalmi, Baffa."

"Takalmi?"

"Har na ranar nan da ka shigo. Gunkin yana sanye da shi, idonsa kuma ba ya gani daga kujera."

Sandar ta faɗi daga hannunsa. Ya dubi ramin, babu abin da ya rage sai narkakkiyar roba. Ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Shekara shida. Me ya hana shi gaya mini?"

Amsar ba daga bakina ta fito ba. Daga taga ta fito, kuma ba ta ce in gaya wa wancan ba. Iya, wadda tun da na yi wayo ban taɓa jin ta yi wa ɗanta na fari magana kai-tsaye ba, ta ce, "Kai ka taɓa tambayarsa?"

Baffa mutum ne mai furfura, mai jikoki, amma sai ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa kusa da ramin, ya nuna mini wuri a gefensa.

"To, zauna," ya ce. "Wane irin takalmi ne?"

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa abin da idonsa ya gani ba da nufi ba, ya nuna masa abin da ya nema bai samu ba.